Masu Ƙera Kayan Ƙananan Jiragen Ƙasa a Birtaniya da Matsalar Kuɗin Haya

Ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, wato waɗanda ake ƙerawa da kamannin na gaske a rage girmansu har kan jirgi ya iya zama a tafin hannu, sannan a shimfiɗa musu layin dogo a kan tebur tare da tashoshi da gadoji da gidaje daidai gwargwadonsu, sun daɗe da wuce matsayin abin wasan yara a Birtaniya, inda akasarin masu sha'awarsu manyan mutane ne, da yawansu ma dattawan da suka ajiye aiki. Yaron da ya tashi a Kano ko Damagaram yana lanƙwasa langa-langa ya ƙera mota ba zai kasa gane tushen wannan sha'awa ba, sai dai a can an kai ta wani mataki na bin diddigi, har mutum kan ƙirga kusoshin da ke jikin jirgin gaske don ya tabbatar da cewa na kwaikwayon bai rasa ko ɗaya ba. A bayan manyan kamfanonin da sunayensu ke jikin kwalaye akwai ɗimbin ƙananan masu sana'a, yawancinsu mutum ɗaya ne ko miji da mata, waɗanda ke samar da ƙafafun jirgi da bututun hayaƙi da fitilu da maɗaurin taragu da sauran tarkacen da babban kamfani ba ya ganin ribar yin su. Sana'ar tasu ta ginu a kan ƙwarewar hannu, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ta ginu kuma a kan wurin aiki mai araha, kuma wannan ginshiƙi na biyu shi ne yake zaizayewa.

Asalin al'amarin daga Jamus yake. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen a 1859 yana yin kayan ɗakin girki na 'yar tsana da gwangwani, ya kai wani sabon tsari kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891: jiragen da ake murɗa wa mabuɗi kamar agogon da, masu tafiya a kan guntayen layin dogo da ake harhaɗawa, kuma kowane rukuni da ƙayyadadden faɗin layinsa. Faɗin layi shi ne ratar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu, kuma ƙayyade shi ya fi duk wata ƙawa da aka yi wa jiragen muhimmanci, domin daga ranar da aka san cewa ratar ba ta canzawa, wanda ya sayi kan jirgi bana zai iya ƙara tarago baɗi, kuma wani maƙeri dabam zai iya yin abin da zai hau layin ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Kamfanonin birnin Nuremberg, musamman Bing, suka bi sahu, har kayan Jamus suka mamaye kasuwannin Turai kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A Ingila, Wenman Joseph Bassett-Lowke na garin Northampton ne ya fara ɗaukar abin a matsayin harkar manya, tun daga ƙarshen shekarun 1890, yana sayar da kaya ta gidan waya, yana kuma sa masana'antun Jamus su ƙera masa jirage masu siffar na Birtaniya. Ya buɗe kanti a titin High Holborn na Landan a 1908, kuma a 1910 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a birnin, wadda take nan har yau. Yaƙin ya yanke hanyar kayan Jamus, ya kuma bar ƙyamarsu a zukatan masu saye, abin da ya buɗe wa Frank Hornby na Liverpool ƙofa, mutumin da ya riga ya yi suna da kayan wasan Meccano, ya fito da jiragensa a 1920.

Wani kuskuren ma'auni da aka yi a tsakanin yaƙoƙin biyu ya taka rawa babba wajen haihuwar ƙananan masu sana'a, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Lokacin da aka koma ga ƙananan jiragen da za su iya zama a teburin gida, bayan Bing ya fito da irinsu a 1922, an tsayar da faɗin layi a milimita 16.5, wanda ya yi daidai da rage jirgin gaske sau 87, ma'aunin da ake kira HO, wanda Amurka da sauran Turai suka riƙe. Amma jiragen Birtaniya na gaske sun fi na sauran ƙasashe ƙanƙanta a jiki, saboda gadoji da ramukan da aka haƙa musu tun farkon zamanin jirgi ƙuntatattu ne, don haka injinan lokacin suka ƙi shiga cikin gangar jikin da aka rage sau 87. Sai aka ƙara girman jikin zuwa milimita 4 a madadin kowace ƙafa ɗaya ta awo a jikin jirgin gaske, wato ragi sau 76 da ɗoriya, aka bar layin yadda yake, aka kira wannan haɗi OO, kuma da jiragen Hornby suka rungume shi a 1938 sai ya zama ma'aunin ƙasa. Layin Birtaniya na gaske faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna, saɓanin tsohon layin da ya iso Kano a 1911 mai milimita 1,067. Idan aka rage shi sau 76 da ɗoriya, abin da ya kamata a samu shi ne milimita 18.83. Ke nan layin OO ya gaza da milimita biyu da 'yan kai, tazarar da baƙo ba zai lura da ita ba, amma wadda ta hana wasu barci, har suka kafa ƙungiyar masu layin EM mai milimita 18 da ɗoriya a 1955, daga baya kuma aka sami masu bin cikakken ma'auni da ake kira P4, waɗanda ƙungiyarsu ta Scalefour ta kafu a 1976. Babu babban kamfanin da zai yi wa 'yan tsirarun mutane irin waɗannan ƙafafu da sandunan haɗa ƙafafu da kayan shimfiɗa layi. Dole wani daga cikinsu ya shiga rumfar bayan gidansa ya yi.

Dalili na biyu shi ne yawan nau'o'in jiragen da ƙasar ta gada. Kafin a haɗe kamfanonin jiragen ƙasa kusan 120 su zama huɗu a 1923, sannan gwamnati ta karɓe su a 1948, kowane kamfani da irin ƙirarsa da launinsa da siffar bututun hayaƙinsa. Da rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban tashoshi, kuma aka daina amfani da jiragen gawayi a manyan layuka a watan Agustan 1968, sai begen abin da ya wuce ya ƙaru, kowa yana son ya sake gina tashar ƙauyensu da ainihin jirgin da ke tsayawa a cikinta. Kamfanin Tri-ang, wanda ya buɗe masana'anta a Margate a 1954 yana yin jiragen roba masu araha, har iyayen gidansa suka haɗiye kamfanin Meccano, mai jiragen Hornby, a 1964, ba zai iya biyan wannan buƙata ba, saboda mazubin ƙarfe da ake matsa narkakkiyar roba a ciki yana da tsadar da sai an sayar da dubbai kafin a mayar da uwar kuɗi.

Ƙananan maƙera sun sami mafita a wani haɗin ƙarfe mai laushi na kuza da dalma, wanda yake narkewa da zafi kaɗan. Maƙerin yakan fara sassaƙa kowane sashe na jirgin da tagulla, da hannu, da zarto da 'yar mitsitsiyar kurfi, aikin da kan ci watanni. Wannan shi ne uwar samfuri. Sai ya jera sassan tsakanin faifan ɗanyen roba biyu, ya matse su cikin zafi har robar ta ƙanƙame ta ɗauki siffarsu, ya cire su, ya yanka 'yan hanyoyi daga tsakiyar faifan zuwa kowane rami. Idan aka ɗora faifan a kan injin da ke juya shi da sauri aka tsiyaya narkakken ƙarfe ta tsakiya, ƙarfin juyin ne ke tura shi cikin ramukan, bayan 'yan mintuna kuma a ɓare faifan a tsinke sassan kamar ana tsinkar 'ya'yan itace daga reshe. Da wannan dabara kamfanoni irin su K's da Wills da GEM suka cika kasuwa da kwalayen sassa waɗanda mai saye zai harhaɗa da kansa, tun daga shekarun 1950. Robar takan gaji bayan wani adadi na zubi a sake wata, muddin uwar samfurin tana nan.

Daga shekarun 1970 wata hanyar ta yaɗu, ta cin tagulla da sinadari: a zana sassan a takarda, a ɗauki hoton zanen a kan fallen tagulla da aka shafa wa maganin da haske ke taurarawa, sannan a bar ruwan sinadari ya cinye duk inda ba a rufe ba, har da layukan da yake ci rabi kawai don mai haɗawa ya san inda zai lanƙwasa. Abin lura a nan shi ne kwalin irin wannan ba ya zuwa cikakke. Mai saye zai nemo ƙafafu daga wani maƙerin, injin lantarki daga wani, giya daga na uku, lambobi da tambarin kamfani daga na huɗu. Ƙafar ma ba ɗaya ba ce, domin kowane nau'in jirgi da faɗin ƙafarsa da yawan haƙarƙarin da ke cikinta, kuma dole ƙafar dama ta saɓa wa ta hagu da rubu'in zagaye daidai, in ba haka ba sandunan da ke haɗa su za su cije. Ƙafafun kamfanin Romford sun yi farin jini ne saboda bakin sandarsu mai kusurwa huɗu ne, yana tsayar da wannan saɓani da kansa. Sana'ar ta zama sarƙa, kowa ya dogara da wasu da bai taɓa haɗa jari da su ba, kuma an ga abin da hakan ke nufi lokacin da kamfanin Mashima na Japan ya daina yin ƙananan injinansa, aka bar masu yin akwatunan giya da kayan da aka auna su a kan injin da babu shi.

Duk wannan aiki an yi shi ne a wuraren da ba wanda yake rububinsu: garejin gida, rumfar lambu, ɗakin bayan kanti, ko wani lungu a tsohuwar masaƙa. Durƙushewar manyan masana'antun Birtaniya a shekarun 1970 da 1980 ta bar gine-gine birjik babu kowa, masu su na murna da duk wanda zai biya ko kaɗan ne, ta kuma bar ƙwararrun ma'aikatan ƙarfe da aka sallama, wasu da kuɗin sallama a hannu, wasu da fansho. Haɗuwar waɗannan biyu, wato wuri mai araha da gwanin da bai dogara kacokan ga cinikin ba, ita ce ta sa aka iya sayar da fakitin sassa a kan 'yan fam kaɗan shekara da shekaru. A gaskiya farashin bai taɓa ɗaukar cikakken nauyin fili da lokacin da aka kashe ba. Masu saye sun saba da wani rangwame da ba su san ana yi musu ba.

Sana'ar kuwa mai cin wuri ce fiye da yadda ƙanƙantar kayanta ke nunawa. Wanda yake da nau'o'in kaya ɗari biyar dole ya ajiye mazubin kowanne da uwar samfurinsa da ragowar abin da ya zuba, ko da wani nau'in sai ya shekara ba a tambaye shi ba, kuma wannan kwantai shi ne darajarsa a idon abokan ciniki, tunda don abin da ba a samu a ko'ina ake zuwa wurinsa. Injinan suna da nauyi, wasu na buƙatar wutar lantarki irin ta masana'anta, narka dalma na buƙatar hanyar fitar hayaƙi, abubuwan da ba a yarda da su a gidan haya na bene. Idan mai gini ya ƙara fam dubu a shekara, maƙerin ba shi da hanyar ninka cinikinsa, domin adadin mutanen da ke neman bututun hayaƙin wani jirgi na 1890 ba ya ƙaruwa don an yi talla. Idan kuma ya ce zai tashi, kuɗin kwashe injina da sake ja musu wuta kan iya cinye ribar shekara. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Dokokin haya ba su ba shi kariyar da ake zato ba. Dokar masu gine-gine da 'yan haya ta 1954 ta ba ɗan kasuwa a Ingila da Wales haƙƙin sabunta hayarsa idan wa'adi ya cika, amma a kan farashin kasuwa na ranar, kuma mai gini na iya ƙi idan zai rushe ya sake gini ko zai shiga da kansa. Tun 1969 kuma aka halatta ɓangarorin biyu su amince tun farko a kan ajiye wannan haƙƙi gefe, sharaɗin da ƙaramin ɗan haya ba kasafai yake da ƙarfin ƙi ba. An kuma daɗe ana sa wani sharaɗi a yarjejeniyoyi wanda ya ce idan aka zo bitar kuɗin haya, sama kawai zai iya yi. A kan haka ga harajin wuraren kasuwanci, wanda ake lissafa shi bisa ƙiyasin hayar da gini zai iya samu a kasuwa, ta yadda tashin haya a unguwa yana jawo tashin haraji ko ga wanda ya mallaki wurinsa. Tun 2017 ana yafe harajin gaba ɗaya a Ingila ga ƙaramin wurin da ƙiyasinsa bai wuce fam 12,000 ba, sassaucin da ya taimaki mutane da yawa, sai dai sabon ƙiyasi ɗaya ya isa ya tsallakar da mutum wannan iyaka ba tare da ya ƙara ko taku ɗaya a ɗakin aikinsa ba.

Kasuwar filaye ita ma ta juya. Tsoffin masaƙu sun koma gidajen kwana masu tsada, Landan kaɗai ta rasa fiye da hekta 1,300 na filayen masana'antu tsakanin 2001 da 2015, kuma abin da ya rage kamfanonin sayar da kaya ta intanet suna neman sa ido rufe don ajiya da rarrabawa, musamman bayan 2020. Misali mafi fitowa fili, kuma mai ɗan ban takaici ga masu ƙaunar jirgi, shi ne na ɗakunan da ke ƙarƙashin dogayen gadojin jirgin ƙasa, masu rufi irin na bakan gizo, waɗanda damshi da rugugin jirage suka sa suka zama mafakar makanikai da kafintoci da maƙera fiye da ƙarni guda. A 2018 hukumar Network Rail ta amince ta sayar da hayar wurare kusan 5,200, akasarinsu irin waɗannan ɗakuna, na tsawon shekara 150, ga kamfanonin Telereal Trillium da Blackstone a kan fam biliyan 1.46, alhali tun kafin cinikin 'yan hayar sun kafa ƙungiya mai suna Guardians of the Arches saboda ƙarin kuɗin da ake ɗora musu.

Ba adalci ba ne a ɗora wa haya dukkan laifi. Kamfanin Hornby ya kammala mayar da ƙirarsa ƙasar Sin a 1999, kuma ingancin jiragen da ke fitowa daga can a shirye ya rage masu sha'awar harhaɗa kwali da hannu. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta kawo takardun kwastan da na haraji daga 2021, sannan dokar Tarayyar kan amincin kaya da ta fara aiki a Disambar 2024 ta wajabta samun wakili a can, abin da ya sa ƙananan masu sana'a da dama suka daina aika kaya. Kantin Hattons, wanda Norman Hatton ya kafa a Liverpool a 1946, ya sanar da rufewa a Janairun 2024 yana ambaton raguwar masu saye da tsadar gudanarwa da wahalar cinikin ƙetare, kuma a cikin watan ne ƙungiyar Warley ta ce ta daina shirya babban baje kolinta na Birmingham bayan shekara talatin, saboda masu aikin sa-kai sun tsufa. Amma ko a nan batun wuri bai ɓace ba. Rukunin kantunan ModelZone ya faɗi a 2013 da rassa 47, bayan ya ɗauki hayar sababbin shagunan da ba su mayar da kuɗinsu ba. Baje koli kuwa, wanda shi ne kantin maƙerin da ba shi da kanti, inda yake shimfiɗa kayansa a tebur ya gana da masu saye ido da ido, ya dogara ne ga hayar zaure, wadda ake raba nauyinta a kan masu tebura.

Idan irin wannan wurin aiki ya rufe, makomar mazuban ita ce abin dubawa. Tarihi ya nuna yadda suke yawo daga hannu zuwa hannu: kamfanin Airfix ya sayi mazuban Kitmaster a 1962, ya ci gaba da wasu, sauran ba a sake ganin kayansu ba, kuma waɗanda suka tsira sun ƙare a hannun kamfanin Dapol. Kamfanin Peco, wanda Sydney Pritchard ya kafa a 1946, kuma yake ƙera layin dogo har yau a ƙauyen Beer na yankin Devon, nesa da tsadar manyan birane, ya tattara kayan roba na Ratio da Wills da Parkside ƙarƙashin inuwarsa, ƙungiyoyin EM da Scalefour kuma suna da rumbunan kaya da 'yan sa-kai ke kula da su don mambobi. Sai dai mai karɓar gado shi ma sai yana da inda zai ajiye, kuma mazubi ba ya zuwa da bayanin zafin da ya dace da shi ko lungun da yake yawan ƙin cika, ilimin da yake kan mutum ɗaya, wanda sau da yawa ya haura shekara saba'in.

Na'urar da ke gina abu daki-daki daga zanen kwamfuta ta sauƙaƙa wani ɓangare na matsalar, domin tana zama a kan tebur, kuma zane ba ya buƙatar kanta. Ta haifar da sabon rukunin masu sana'a da ke aiki daga ɗakin kwana, ko da yake karyewar kamfanin Shapeways a 2024, wanda da yawansu suka jingina da shi wajen bugawa da sayarwa, ta nuna cewa su ma a filin wani suke zaune. Na'urar tana iya fitar da bututun hayaƙi da gangar tarago har da fuskar direba. Ƙafar ƙarfe da za ta ɗauki wutar lantarki daga layi ta yi shekaru tana juyawa ba tare da karkata ba, da giyar da za ta ja ta, har yanzu a kan injin da ke juya ƙarfe ana fere shi ake yin su, injin kuwa sai da daɓen siminti da rufi da wuta mai ƙarfi, waɗanda a Ingila ta yau ake biyan hayarsu a kan farashin da kamfanonin jigilar kaya da masu gina gidaje suka kafa.